Ɗaya, Ƙaya da Aya: Askin da Na'ura Ke Yi wa Baƙaƙen Hausa

Akwai wata shawara da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu rubuta Hausa a kwamfuta, musamman masu fassara littattafan jagora na manhajoji da masu shirya darussan da ake ɗorawa a intanet. Shawarar ita ce wai a riƙa cire ƙugiya daga kanun sassa, a rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa", a rubuta "daya" a gurbin "ɗaya", don kada mahaɗan da ke kai mai karatu daga wannan sashe zuwa wancan su tsinke. Masu ba da shawarar ba ƙarya suka shirga ba, mahaɗan kam suna tsinkewa. Inda suka kauce shi ne wajen gano mai laifi. Sun kama harshe sun yanke masa hukunci a kan ɓarnar da na'ura ta yi, kuma wanda hukuncin ya fi cutarwa shi ne ɗalibin da ba shi da wani malamin ƙa'idojin rubutu sai shafin da ke gabansa, irin ɗalibin unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Duwala na ƙasar Kamaru.

Kafin a shiga jayayya, ya kamata a san yadda abin yake aiki. Yawancin littattafan jagora na manhajoji a yau ba a tsara su shafi-shafi da hannu. Marubuci yakan yi rubutunsa ne tsurarsa, yana sa 'yan alamomi da ke nuna cewa wannan take ne, wannan jeri ne, wannan kuma mahaɗi. Salon alamomin da ya fi yaɗuwa shi ne Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004; akwai kuma reStructuredText, wanda ya ɗan girme shi. Daga nan sai wata manhaja, kamar Sphinx da Georg Brandl ya fitar a 2008 domin littafin jagorar Python, ko MkDocs da ta fito a 2014, ta ɗauki rubutun ta mayar da shi shafukan intanet. A cikin wannan aiki, kowane take sai an kafa masa wani ɓoyayyen suna wanda ba ya bayyana a jikin shafi, amma shi ne abin da mahaɗi yake kamawa. Ana iya kiransa turke, mahaɗi kuwa igiyar da aka ɗaura a jikinsa. Idan marubuci ya ce "duba sashen Wasula", igiya ce ya jefa zuwa turke mai suna wasula. Idan turken yana nan da wannan suna, an isa lafiya. Idan ba ya nan, igiya ta faɗi a banza.

Abin da ya sa wannan ciwo yake da wuyar ganewa shi ne ba ya ihu. Shafin da ya ɓace gaba ɗaya yakan bar saƙon nan na 404, kowa ya san an yi rashi. Turken da ya ɓace kuwa ba ya barin komai: mai karatu ya latsa, shafi ya buɗe daga sama, ko ya tsaya inda yake, ba gargaɗi ba ban haƙuri. Ɗalibi sai ya ɗauka wayarsa ce ta tsufa, ko kuwa shi ne bai iya ba.

To ina ƙugiya ta shigo? Manhajar ba ta tambayar marubuci sunan da yake so a sa wa turke. Daga taken take ƙago shi, bisa wasu matakai da aka rubuta mata. A MkDocs, idan ba a sauya mata saiti ba, matakan su ne: a warware kowane harafi mai alama a ka ko a gindi, a raba shi da alamarsa; a zubar da duk abin da ba ya cikin tsarin ASCII; a share alamomin rubutu; a mayar da manyan baƙaƙe ƙanana; a sa karan ɗori a gurbin kowane fili. ASCII ɗin nan tsari ne da aka fara fitarwa a Amurka a 1963, mai gurabe 128 kacal, wanda aka auna da bukatun Ingilishi. Masu harkar kwamfuta suna furta sunansa "aski", kuma da wuya a sami sunan da ya dace da aikinsa a Hausa kamar wannan. Sai dai wanzami gashi yake cirewa ya bar kai, wannan kuwa da kan yake tafiya. Take mai cewa "Ɗaki" turkensa ya zama aki. "Ɓata" ta zama ata. "Ƙwaƙwalwa" ta zama wawalwa.

A ɗauki darasi guda mai sassa uku, "Aya" da "Ɗaya" da "Ƙaya". Bayan aski, dukkansu aya ne. Da yake turaku biyu ba sa ɗaukar suna ɗaya a shafi guda, sai manhajar ta kira na farko aya, na biyu aya_1, na uku aya_2. Marubucin da ya ɗaura igiyarsa a ɗaya ya yi asara tun daga fari. Wanda ya yi wayo ya leƙa ya ga sunan da aka ƙaga, ya ɗaura a aya_1, asararsa jinkiri kawai ta yi: ranar da aka sauya jerin sassan, igiyar da ke kai mutum ga lissafi sai ta kai shi ga ƙaya, kuma wannan ya fi tsinkewa muni, domin mai karatu ya isa wani wuri yana zaton nan aka aiko shi.

Sphinx tana da nata salon. Manhajar docutils da take dogara a kanta tana da wani jadawali na haruffan da ake mayarwa 'yan uwansu na ASCII, kuma a cikinsa akwai ƙ, wadda ke komawa k, da ƴ, wadda ke komawa y. Amma babu ɓ, babu ɗ. Ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne a wani rukuni dabam na Unicode, na alamomin masana furuci, lambobinsu U+0253 da U+0257, jadawalin kuwa bai kai can ba. Saboda haka "Ƙaya" ta zama kaya, ta yi karo da kayan ɗauka, "Ɗaya" kuma ta zama aya kamar dā. GitHub, inda akasarin marubutan ke ajiye rubutun suna dubawa kafin a wallafa, yana barin ƙugiyoyin yadda suke. Ke nan take ɗaya yana da turke uku a gida uku: ƙaya a nan, kaya a can, aya a gaba. Marubuci ya gwada mahaɗinsa a GitHub ya ga yana aiki, a wallafa littafin ta MkDocs ya mutu. Bai sauya ko ɗigo ba.

Hamza ma ba ta tsira ba. Dukkan gidajen uku ba sa ɗaukarta harafi, alamar rubutu suke ɗaukarta. A GitHub da MkDocs share ta ake yi, sai "'Ya'ya" ta koma yaya, 'ya'yan mutum su rikiɗe su zama wansa. Wanda ya bi ƙa'idar Nijar ya rubuta "Ƴaƴa", askin MkDocs zai bar masa aa, wanda shi ne kuma turken "A'a". Ga shi kuma abin da ido ke gani hamza guda, alamomi uku ne a wurin na'ura, U+0027 da U+2019 da U+02BC, kuma manhajojin rubutu sukan musanya na farko da na biyu ba tare da sun nemi izini ba. Ajami kuwa babu abin da ke saura daga gare shi; kanun da aka rubuta da shi sukan zama _1, _2, _3, kamar ɗakunan kurkuku.

A nan ne ɗalibin Duwala zai ga wani abu da na Kano ba lallai ya lura da shi ba. Faransancin da yake karatu da shi a makaranta cike yake da alamomi, é da è da ê da ç, amma wannan askin bai cika yi masa lahani ba. Dalili shi ne Unicode ya yarda a warware é ta zama e da ɗan karanta. A zubar da karan, e ta tsaya, kalma ta ci gaba da karantuwa. Ƙ ba ta warwaruwa haka, domin Unicode ya ɗauke ta harafi ne mai zaman kansa, kuma a nan Unicode ne ke da gaskiya. Ƙugiya ba kwalliya ce da aka rataya wa k ba. A jerin baƙaƙen Hausa da ake koya wa yara, ɓ da ɗ da ƙ kowanne yana da gurbinsa, kowanne da sautinsa. Wato darajar da aka ba su ta cikakkun haruffa ita ce ta sa aski yake kwashe su ɗungurungum. Faransanci ma yana rasa œ ta wannan hanya, amma kalmomin da ke ɗauke da ita kaɗan ne. A Hausa da wuya a yi layi biyu ba a ci karo da ƙugiya ba. Idan aka bar yaron New Bell da wannan, darasin da zai ɗauka shi ne Faransanci harshen na'ura ne, Hausa kuwa mai kawo matsala. Darasin ƙarya ne, kuma mai ba da shawarar cire ƙugiya yana taya na'ura koyar da shi.

New Bell unguwa ce da ta san zaman baƙunci. Ta samo asali ne daga shirin da Jamusawa suka ɗauko tun 1910 na tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, a mayar da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa. Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya tsayin daka a kan ƙin shirin, Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914, kafin ƙarshen watan Satumba kuma birnin ya kuɓuce musu. 'Yan asalin garin ba su tare a sabon wurin yadda aka so ba. Baƙi ne suka cika shi: Hausawa fatake da mahauta da malamai, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen ƙasashen Afirka ta Yamma, har masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum a 2008 a kan zaman baƙin unguwar daga 1914 zuwa 1960. (Wanda ya sa wa sashe take "Unguwar Baƙi" zai tarar MkDocs ta ba shi unguwar-bai, idan ya bi shawarar masu cire ƙugiya kuma ya sami unguwar baki, ta leɓe da haƙori.) Yaron da ya tashi a New Bell Hausa yana jin Hausa a gida da masallaci da cikin Babbar Kasuwa, yana karatun allo da Larabci, yana boko da Faransanci, a wasu makarantun da Ingilishi. Takwaransa na Kano ko Katsina yana da darasin Hausa tun daga firamare, har ya rubuta jarrabawarta a ƙarshen sakandare. Shi kuwa ba lallai ne ya taɓa zama a ajin da aka rubuta masa ɗ a allo aka ce ga yadda ake lanƙwasa ta ba. Kwamfutar da zai samu mai madannan Faransanci ce, é da è da ç da à a jere a layin sama, babu ƙugiya ko ɗaya. Abin da ya gani a rubuce a intanet shi ne ƙa'ida a wurinsa.

Kuma ba Bahaushe kaɗai abin ya shafa ba a wannan unguwa. Jerin haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru, wanda Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranci tsarawa aka amince da shi a 1979, yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƴ, da ɛ da ɔ da ŋ, waɗanda duk askin ke kwashewa. Fulɓe su zama fule. Mutanen Basa, masu rubuta sunan harshensu Ɓàsàa, alamomin karin sauti za su zube wasulan su tsira, harafin farko kuwa ya ɓace, a bar su da asaa. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ɗora wa hukuma kare harsunan ƙasa da bunƙasa su. Ba a bunƙasa harshe da shawarar cewa ya riƙa ajiye haruffansa a bakin ƙofa kafin ya shiga intanet.

Hujjar da masu cire ƙugiya suka fi dogara da ita ita ce mai karatu zai gane daga muhallin magana. Wane mai karatu, a wane muhalli? Rubutun Hausa na yau da kullum ya riga ya bar tsawon wasali da karin sauti ba a nuna su, mai karatu yana cike su da saninsa. Wannan nauyi ne da aka riga aka ɗora masa. Cire ƙugiya ƙari ne a kan ƙari. Take kuma shi ne wurin da muhalli ya fi ƙaranci, kalma ɗaya ce ko biyu a tsaye su kaɗai. Kafa da ƙafa, kulle da ƙulle, kara da ƙara, duk kalmomi ne da kan faɗo a littafin jagorar manhaja. A ƙaddara ɗan littafi ne da ke koya wa 'yar kasuwa yadda za ta yi idan wanda ba ta sani ba ya turo mata buƙatar kuɗi ta waya. Taken sashen shi ne "Ƙi biya". A cire ƙugiya, ya zama "Ki biya". Babu wani muhalli da zai ceci wannan, umarnin ya juye ya koma kishiyarsa, kuma da kyakkyawar Hausa.

Hujja ta biyu ita ce wai haka fasaha take, dole a bi ta. Wannan ta taɓa zama gaskiya. Ƙa'idar HTML 4.01 ta 1999 ta takaita sunan turke ga baƙaƙe da wasulan Ingilishi da lambobi da 'yan alamomi, kuma daga wancan zamani aka gaji askin. Amma tun a 2005 aka fitar da ƙa'idar RFC 3987 mai ba da damar sa haruffan kowane harshe a adireshin intanet, HTML5 ta 2014 kuma ta yarda turke ya ɗauki kowane harafi muddin babu fili a ciki. Haruffan Hausa masu ƙugiya suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990. Wikipedia ta Hausa tana riƙe su a adireshin maƙalolinta. Idan an kwafo adireshin akan ga ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, abin ba kyan gani, amma yana kai mutum inda za shi. Katangar da ake cewa ta tare hanya an rushe ta shekara goma da ɗoriya da suka wuce, ana ta kewaya gurbinta.

A tuna kuma da wahalar da aka sha kafin a sami waɗannan haruffa. A shekarun 1930 ne Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta tsayar da su a rubutun boko, a zamanin da kowane sabon harafi sai an zuba shi da dalma kafin injin ɗab'i ya buga shi. Da su aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 Abubakar Imam yana edita. Masu buga tafireta da yawa sun yi shekaru suna bin takarda da alƙalami suna ƙara ƙugiyoyin da hannu. A yau Gboard a waya da Windows a kwamfuta duk suna da madannan Hausa. Abin kunya ne a ce abin da dalma ta ɗauka ya gagari layi ɗaya na saiti.

Layi ɗaya ne kuwa. Python-Markdown, wadda MkDocs ke amfani da ita, tana da wata hanya ta biyu ta ƙaga turke mai barin haruffan Unicode yadda suke. Marubuci ne kawai zai zaɓe ta a fayil ɗin saiti. Sinawa da Japanawa da Rashawa, waɗanda askin ke share musu take gaba ɗaya, ba su koma rubuta kanunsu da haruffan Ingilishi ba, irin wannan hanya suke bi. Masu ƙera manhajojin suna da nasu kason laifi, domin abin da manhaja ke yi idan ba a ce mata komai ba zaɓi ne da wani ya yi, kuma wanda ya yi wannan zaɓin bai tuna da Bahaushe ba. Amma manhajojin nan a buɗe suke, kowa yana iya rubuta musu koke ya nuna inda jadawali ya tsallake ɓ da ɗ. Wanda ya yi shiru ya aske rubutunsa da hannunsa ya sauƙaƙa musu mantuwa.

Abin da ya fi wannan tabbas shi ne marubuci ya daina barin na'ura tana raɗa wa turakunsa suna. Sphinx tana ba shi dama ya sa laƙabi a layin da ke gaban take ya riƙa kiran sashen da laƙabin; Markdown ma, a MkDocs da Pandoc, tana da hanyar rubuta sunan turke a ƙarshen take. A nan babu laifi a yi rangwame: sunan turke yana iya zama na haruffan ASCII zalla, tunda ba karanta shi ake yi ba, sharaɗin kawai mutum ne zai zaɓe shi yana sane, ya kira ɗaya lamba-1, ya kira ƙaya kaya-mai-suka, kaya kuma kaya-na-dako. Taken da ido ke gani ya tsaya da ƙugiyarsa da hamzarsa. Ribar ba ta tsaya ga ƙugiya ba. Take abu ne mai sauyawa: a gyara kuskuren rubutu, a fassara daga Faransanci zuwa Hausa, a mayar da 'y ta Nijeriya ƴ ta Nijar, duk turken da aka ƙaga daga take sai ya motsa, duk igiyar da ke jikinsa ta tsinke. Tim Berners-Lee ya yi wannan gargaɗi tun 1998 a wata gajeriyar maƙala da ya nuna cewa adireshi nagari ba ya sauyawa. Mutanen Duwala ba sa bukatar a koya musu haka. Mai babur ɗin haya, wanda suke kira bensikin, ba lambar titi yake bi ba, sunan mararraba yake bi, Shell New Bell ko Ndokoti ko Ancien Dalip, kuma na ƙarshen nan a cikin sunansa ma an faɗa cewa abin da aka raɗa shi dominsa ya zama na dā, amma sunan yana nan yana kai mutane. Malaman da suka kwafi littattafai a warwatsattsun takardu ma da hannunsu suke rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a gindin wanda suka gama, don kada jeri ya rikice idan takardun suka zube.

Saura dubawa. Sphinx takan yi gargaɗi idan an kira laƙabin da babu shi, ana kuma iya umartarta ta ɗauki kowane gargaɗi a matsayin kuskure ta ƙi kammala aiki. MkDocs ta sami ikon bincika turaku a fitowarta ta 1.6 a 2024, sai dai sai an ɗaga mata murya a saiti kafin ta mayar da abin gargaɗi. Duk ɗalibin da zai ɗora darasi ko fassara a kan wata manhaja da bai saba da ita ba, zai iya auna ta cikin minti biyar: ya buɗe shafi guda ya sa masa kanu bakwai, Aya, Ɗaya, Kaya, Ƙaya, Yaya, 'Ya'ya da A'a, ya wallafa, sannan ya latsa kowanne ya karanta abin da ya biyo bayan alamar # a adireshi. Idan sunaye bakwai mabambanta suka fito ba tare da an liƙa wa wani lamba ba, manhajar ta iya Hausa. Idan ba su fito ba, ya san waɗanne turaku zai kafa da hannunsa kafin ya jefa igiya ta farko.